ELM327 a tsohuwar motar dizal: abin da take gani da inda take makancewa

Da wuya yanzu ka shiga gareji a Katsina ka ce motarka ba ta ja, ba a ce maka "a sa mata kwamfuta" ba. Sau da yawa kwamfutar da ake nufi ita ce 'yar shuɗiyar na'urar nan da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Sunanta ELM327. Kuɗinta bai kai na sensar iska guda ɗaya ba, shi ya sa direbobi da masu motoci ma suka fara sayen tasu. A motar fetur ta bayan shekarar 2001 tana aiki ba laifi. Tambayar ita ce ko tana da amfani ga mai tsohuwar dizal: Golf, Passat ko Sharan mai injin 1.9 TDI, Peugeot 406 HDi, ko Hilux mai D-4D, irin waɗanda ke shigowa ta Jibiya da Kongolam. Tana da amfani, amma ba ta fuskar da masu sayar da ita ke tallata ta ba. Karanta lambar matsala shi ne mafi raunin aikinta. Inda take biyan kuɗinta shi ne nuna abin da sensoci ke faɗa wa kwamfutar mota a daidai lokacin da inji ke aiki, kuma ko nan sai in motar ta yarda ta yi magana da ita.

Asalin guntun ELM327 wani kamfani ne a Kanada, Elm Electronics, ya yi shi. Kusan duk wanda ke kasuwa a nan kwaikwayo ne daga Sin. Wanda aka rubuta wa v1.5 ma kamfanin bai taɓa fitar da mai wannan lamba ba, sai dai abin mamaki, a cikin na kwaikwayon shi ya fi dama, musamman mai guntun PIC18F25K80 a ciki. Masu arhar da aka rubuta wa v2.1 da yawansu an zaftare musu umarni, suna iya magana da sababbin motoci ta layin CAN, sabuwar hanyar da kwamfutar mota ke aika bayani, amma su kasa da tsofaffi masu tsohuwar hanyar da ake kira layin K, wato ainihin motocin da muke magana a kansu. Kafin ka biya, sauke manhajar ELM327 Identifier a wayar Android, ka soka na'urar a mota, ka ga umarnin da take amsawa. In jerin ya cika da ja, mayar wa mai shago kayansa. Lambar haɗa Bluetooth yawanci 1234 ce ko 0000. Mai iPhone ya nemi mai WiFi ko mai Bluetooth 4.0, don ta gargajiyar ba ta haɗuwa da ita. Manhajar karatu kuwa Torque ko Car Scanner sun wadatar.

Babban cikas na farko shekarar mota ce. Amurka ta wajabta tsarin OBD2, wato tsarin bai-ɗaya na binciken mota da kwamfuta wanda na'urar ke amfani da shi, tun 1996. A Turai an wajabta shi ga motocin fetur a 2001, na dizal kuma sai 2004. Tsofaffin dizal ɗinmu kusan duk daga Turai suka fito, saboda haka ganin soket mai ƙafa 16 a mota ba ya nufin za ta amsa. Golf da Passat TDI na shekarun 1990 suna amfani da wani yaren Volkswagen da ake kira KW1281, wanda ELM327 ba ta ji ko kaɗan. Peugeot 406 HDi da yawansu ko dai su ƙi haɗuwa, ko su haɗu su nuna abu uku ko huɗu kawai. Hilux da aka ƙera don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya ita ma ba dole ne ta bi tsarin Turai ba. Su kuwa Mercedes 190D, Peugeot 504 dizal da Hilux mai injin 5L na injekta zalla, babu kwamfutar inji a jikinsu balle a karanta. Duk wanda ya karɓi kuɗin "kwamfuta" a kansu ya ci banza.

In ta ƙi haɗuwa, kada a yi saurin yanke cewa birenbos, wato kwamfutar inji, ya mutu, domin wannan hukuncin ya sa mutane da yawa sayen birenbos ɗin Beljiyam ba gaira ba dalili. Ɗauki mitar auna wuta ka auna soket ɗin. Ƙafa ta 16 wutar batir ce, dole ta nuna bolt 12 ko da makulli a kashe. In babu, fis ya ƙone. Ƙafa ta 4 da ta 5 su ne at, wato layin da ke haɗe da bodin mota. Ƙafa ta 7 layin K. Ƙafa ta 6 da ta 14 layin CAN, kuma in motar na da shi, da an cire kan batir za ka samu kusan om 60 tsakaninsu. A Volkswagen akwai wata tsohuwar matsala: rediyon kasuwa da aka ɗaura ba daidai ba yakan tura wuta cikin layin K ya toshe magana gaba ɗaya. Zare soket ɗin rediyon ka sake gwadawa.

To, a ce ta haɗu. Abu na farko da kowa ke rugawa gare shi shi ne lamba. Masu farawa da P0 ma'anarsu ɗaya ce a kowace mota: P0100 zuwa P0103 sensar iska, P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa, P0190 zuwa P0193 sensar matsin mai a rel (bututun da ke raba wa nozul mai), P0335 sensar karanshaf, P0340 sensar kamshaf, P0380 layin hita (masu ɗumama silinda kafin tashi), P0401 bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji), P0299 ƙarancin iskar tobo, P0234 yawanta. Masu farawa da P1 na kamfani ne, kowanne da fassararsa, kuma a nan manhajojin waya suke yawan shirme, su ba ka fassarar Ford a kan Peugeot. Ko mai P0 ɗin ma, lamba kamar ƙarar da aka kai gaban mai unguwa ce: an ambaci sunan wanda ake zargi, ba a tabbatar da laifinsa ba. P0101 tana cewa iskar da aka auna ba ta yi daidai da wadda ake tsammani ba. Sensar na iya lalacewa, amma tiyon tobo da ya tsage, EGR da ya maƙale a buɗe, ko matatar iska da ƙura ta toshe, duk suna kawo wannan lambar. Haka in ka ga lambobin sensa uku ko huɗu sun fito lokaci ɗaya, da wuya a ce duk sun mutu rana guda. Yawancinsu suna shan bolt 5 ne daga layi ɗaya na birenbos, sensa ɗaya ko waya ɗaya da ta goge ta taɓa bodi sai ta ja layin ƙasa, sauran su yi ta ƙorafi. A zare su ɗaya bayan ɗaya ana auna layin. Wadda aka zare bolt 5 ya dawo, ita ce mai laifin.

Wani abin da muke ganin illar na'urar ce kai tsaye shi ne sauƙin goge lamba. Dannawa ɗaya fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi yana murna, kafin ya kai Mashi ta dawo. Gogewar tana tafiya da bayanin da birenbos ya ajiye na lokacin da matsalar ta auku, wato gudun inji, zafin ruwa da nauyin da ke kansa, alhali shi ne rabin bincike. Mai mota yana da haƙƙin ya ce, "Maigida, don Allah kafin a goge bari in ɗauki hotonta." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba.

Gwajin da ya fi kowanne arha da amfani da sassafe ake yin sa, kafin a tayar da mota. Buɗe makulli kawai, ka duba abu uku. Zafin ruwa da zafin iskar shiga su kasance kusan ɗaya, bambancin kada ya wuce digiri 5, kuma su yi daidai da yanayin garin: a hunturu ƙasa da 20, a bazara kusan 30 ko sama. In zafin ruwa ya nuna 40 ƙasa da sifili, waya ta katse ko soket ya saki. In ya nuna 70 alhali mota ta kwana a tsaye, sensar ƙarya take yi, birenbos zai ɗauka inji da zafi, ya ƙi kunna hita ya kuma rage man tashi, sai a wayi gari ana tura mota a watan Janairu ana zagin batir. In kuma ƙaryar ta ɓangaren sanyi ce, mota za ta riƙa shan mai da baƙin hayaƙi. A tabbatar da mita: irin wannan sensa tana ba da kusan om 2,500 a digiri 20, kusan 1,200 a digiri 40, kusan 320 a digiri 80. A TDI mai ƙafa huɗu ce, sensa biyu a jiki ɗaya, ɗaya ta allurar dashbod ɗaya ta birenbos, shi ya sa allura kan nuna daidai alhali birenbos na karɓar shirme. Baƙar ta asali an san ta da lalacewa, koriyar ce aka maye gurbinta da ita.

Abu na uku matsin iska ne. Inji a kashe, sensar matsin tobo iskar duniya kawai take aunawa. Katsina tana kan tudu kusan mita 500 daga teku, saboda haka abin da ya dace ka gani kusan kPa 95 ne (kPa ma'aunin matsi ne), ba 101 da ke cikin littattafai ba. Daura ma kusan haka. In ka ga 80 ko 120, ko dai bakin sensar ya toshe da baƙin kwalta na EGR, ko ta mutu.

A bar injin ya yi zafi a kan hanya a sake duba ruwan. Tamostat ɗin 1.9 TDI a digiri 87 yake buɗewa, inji lafiyayye yana zama kusa da 90. In ka yi tafiya mai nisa yana 60 ko 65, an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi, har a haɗa fanka kai tsaye. Dizal ba ya son sanyi. Man ba ya ƙonewa sosai, toka tana taruwa a EGR da tobo, baƙin mai yana saurin lalacewa. Mota mai zafi lagireto take buƙata a wanke, ko a duba famfon ruwa da fanka.

Sensar iska, wadda kanikawa ke kira iyafulo, ita ce aka fi canzawa a banza, ita ce kuma ta fi mutuwa da gaske a ƙasar nan, saboda ƙurar hunturu. Ana busa matatar iska da kwamfuresa har takardar ta yage, ko a rufe akwatin ba daidai ba, ƙura ta wuce ta riƙa gogar siririn fim ɗin da ke cikin sensar. A TDI ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. A hankali take rage abin da take aunawa, birenbos ya rage mai daidai da haka don kada a yi hayaƙi, mota ta zama kamar an ɗaure ta, babu hayaƙi, babu fitila, babu lamba. Mai karanta lamba kawai zai ce maka lafiyarta ƙalau. A nan ELM327 take da rana, in ta haɗu. Tana nuna iskar da giram a daƙiƙa. Injin 1.9 a silo, wajen juyi 900, EGR a rufe, yana jan kusan giram 13 zuwa 14. In EGR ya buɗe ya sauko wajen 8 ko 9. Gwajin gaske a kan hanya yake: a samu miƙaƙƙen wuri a hanyar Daura, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da waya, a sa giya ta uku, a taka totur har ƙasa daga juyi 1,500 zuwa sama da 3,000. A juyi 3,000 lafiyayyen inji yana kaiwa giram 80 zuwa 85. In ya tsaya a 50 ko 55 alhali matsin tobo ya kai inda ya kamata, sensar ta gaji. Littattafan Volkswagen da miligiram a kowane bugu suke lissafi. Don mayar da shi giram a inji mai silinda huɗu, ninka shi da juyin inji, ka raba da 30,000.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura: a kashe mota, a zare soket ɗin sensar, a tayar a zagaya. Birenbos zai koma kan adadin da aka ajiye masa. In mota ta fi ja, zargi ya ƙarfafa. Sai dai kada a bar ta a zare a ci gaba da yawo. Kada kuma a wanke ta da fetur ko feshin kafireto, ko a taɓa cikinta da tsinke. Wajen saye, sabuwa marar suna mai arha takan zo da ƙaryarta tun daga kwali. Gara Bosch ko Pierburg mai lambar da ta dace da injin.

Sai matsalar da masu Golf 4, Passat da Sharan suka fi kawowa: ana cikin gudu, musamman wajen wuce babbar mota ko hawan tudu da kaya, sai ƙarfi ya ɗauke, mota ta ƙi wuce wani gudu, in aka kashe aka sake tayarwa ta dawo daidai. Birenbos ne ya kare inji don matsin tobo ya kauce daga abin da ya nema. A injin 90 zuwa 110 na ƙarfin doki, matsin a cikakken totur yakan zauna wajen kPa 190 zuwa 200, har da iskar duniya a ciki. In ya haura 230 ya ƙi saukowa sannan ƙarfi ya yanke, fikafikan cikin tobo ne suka maƙale da toka, a injinan da ke da irin wannan tobo kamar ALH, AFN da ASV. Lambar Volkswagen ita ce 17965, wato P1557. Motar da kullum cikin gari take, daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa a silo, ita ta fi kamuwa. In kuma bai kai ba, 17964 ko P1556, a bi siraran tiyoyin iska baƙaƙe da ke zuwa bawul ɗin N75 mai sarrafa matsin tobo, waɗanda zafin bazara ke busarwa su tsage a bakinsu, sannan manyan tiyoyin intakula. Inda ka ga jiƙar baƙin mai a jikin tiyo, nan iska ke fita, kuma yawanci da baƙin hayaƙi da ƙarar huci. Sandar da ke motsa fikafikan ta yi tafiyar kusan santimita ɗaya sumul in an ja ta da famfon gwaji. Mita biyu na sabon tiyo sun warkar da motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin sabon tobo. Gazawar na'urar a nan biyu ce. Tana nuna matsin da aka samu amma ba ta nuna wanda birenbos ya nema, sai ka san adadin da kanka. Kuma a layin K tana da nawa: in ka jera abu shida a allo, kowanne sai ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya sabunta, tsallen matsin ya wuce ba ka gani ba. Zaɓi biyu kawai, juyin inji da abin da kake bincike.

Motar da ke juyawa ta ƙi tashi, duba juyin inji a allo lokacin da ake kik. In sifili ne, birenbos bai san inji na juyawa ba, ba zai ba da mai ba: sensar karanshaf ko wayarta. Halinta sananne ne, mota ta mutu in ta yi zafi, a jira minti 20 ko 30 ta tashi kamar ba ita ba, sau da yawa babu lamba. A TDI mai injekta tana ba da om 1,000 zuwa 1,500, kuma a auna ta da zafinta, don da sanyi za ta nuna lafiya. Irin ta Hall mai shan wuta, kamar ta kamshaf, ba a auna ta da om. In juyin yana nunawa amma bai kai 200 ba, matsalar batir ce, ko sitata, ko wayar at da ta yi tsatsa. Batir ya nuna 12.6 a hutu, kada ya faɗi ƙasa da 10 lokacin kik. ELM327 na kwaikwayon nan sukan ɗauke su ma in wuta ta faɗi haka, kuma bolt ɗin da suke nunawa ba abin dogaro ba ne, mita ta fi. Volkswagen da ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, makullin tsaro, wato na'urar hana satar mota, shi ne bai gane makulli ba. Wadda fitilar hita ba ta kawowa sam in an buɗe makulli, a fara da rile mai lamba 109. In fitilar hitar tana ƙiftawa ana cikin tafiya, a taka birki a duba fitilun baya, domin makunnin birki yana cikin abin da ke jawo haka.

A HDi da D-4D lissafin ya koma kan matsin mai a rel. Injin 2.0 HDi mai tsarin Bosch sai matsin ya kai wajen ba (bar, ma'aunin matsi) 120 lokacin kik kafin birenbos ya buɗe nozul, a silo yana zama kusan ba 300, wanda manhaja za ta nuna a matsayin kPa 30,000, a cikakken aiki kuma har 1,350. In na'urar ba ta nuna shi ba, mita za ta nuna a wayar tsakiya ta sensar rel: kusan rabin bolt da makulli a buɗe, kusan 1.3 a silo. Matsin da ya ƙi hawa ba ya nufin babban famfo ya mutu. A saurari ƙaramin famfon cikin tanki ko yana kuka in an buɗe makulli, a duba rilen da ke ba shi wuta, a canza filtar mai, sannan a yi gwajin man da nozul ke mayarwa: a zare tiyoyin komawa, a sa wa kowace nozul siririn tiyo da kwalba iri ɗaya, a toshe layin da aka zare, a yi kik na daƙiƙa 15 ko a bar ta a silo minti biyu. Wadda ta tara ninkin na sauran ita ke zubar da matsin. Nozul ɗaya tak ta isa ta hana mota tashi da zafi. ELM327 ba ta da abin cewa a wannan gwaji ko kaɗan. A Hilux mai 2KD ko 1KD, silo mai hawa da sauka, mutuwa a mahaɗar hanya da lambar P0087 ko P1229 sukan kai ga bawul ɗin SCV mai daidaita man da ke shiga famfo, da ke bayan famfon Denso, wanda ake canzawa shi kaɗai. Gargaɗi ga waɗanda suka saba da tsofaffin injina: dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki don a gano wadda ba ta wuta, kada a kuskura a yi ta a kan rel. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata.

Mai kansa ba shi da sensa a waɗannan motoci, kuma shi ne tushen matsala da yawa. Gas ɗin jarka na 'yan bumburutu da aka sirka da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata, mai ruwa kuma yana sa tsatsa a nozul. A tsiyaye ƙasan filta cikin kwalba mai haske a bar ta ta kwanta, ruwa zai zauna a ƙasa. In aka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin filtar HDi, famfo ya fara cin kansa, canza nozul kaɗai asara ce sai an wanke tanki da layuka. A sa guntun tiyo mai haske kafin famfo. Kumfa mai yawa na nufin iska na shiga, ita ke sa mota wuyar tashi bayan ta kwana. A yanayinmu, canza filtar mai duk kilomita 10,000 ya fi arha a kan jiran abin da littafi ya ce.

Akwai ayyukan da na'urar ba ta iyawa sam, ko ta asali ce. Ba ta saita tayimin ɗin injekta bayan an canza bel, alhali TDI mai famfon VP37 sai an duba shi da kwamfuta. Wanda ya yi baya yana kawo wuyar tashi da farin hayaƙi da safe. Ba ta nuna bambancin man da kowace silinda ke karɓa a silo. Da manhajojin gama-gari ba ta shiga ABS, jakar iska ko makullin tsaro. Ba ta rubuta lambar sabuwar nozul a birenbos.

Saboda haka shawararmu ta rabu gida biyu. Mai dizal ta 2004 zuwa sama, ko direban da ke dogon zango zuwa Maraɗi ko Kano, ya saye ta ya ajiye a mota. Ko don ya san zafin injinsa na gaskiya, ya kuma ga lamba da idonsa kafin a ce masa a sayo kaza, ta isa. Bakanike ko rewaya da ke karɓar kuɗin bincike kuwa, wannan ba ta isa ta zama kayan aikinsa ba. Mai aikin tsofaffin Volkswagen ya nemi wayar KKL 409.1 da VCDS-Lite a tsohuwar laftof, kuɗinta bai fi na ELM327 da wani abin kirki ba, kuma ita ke buɗe rukuni na 003 na iskar da aka nema da wadda aka samu, 011 na tobo, 004 na tayimin, da 013 na daidaiton silinda, inda bambancin da ya wuce miligiram 2 sama ko ƙasa ke nuna silinda mai matsala. Motocin da suka koma CAN sai cikakkiyar wayar VCDS. Mai aikin Peugeot ya nemi Lexia 3 da Diagbox ko PP2000, mai Toyota kuma Mini VCI da Techstream. Tsofaffin Toyota ma suna faɗin lambarsu kyauta: a haɗa TE1 da E1 a ƙaramin akwatin bincike da ke cikin bonet, ko ƙafa ta 13 da ta 4 a soket mai 16, a buɗe makulli a ƙirga ƙiftawar fitila.

Wanda ya saya ya kiyaye abu biyu. Kada ya bar ta a soke in ya ajiye mota, domin ƙafa ta 16 ba ta mutuwa da makulli, na kwaikwayon kuma ba sa barci, kwanaki kaɗan sun isa su raunana batirin da dama ya tsufa. Kada kuma ya soka ta a babbar mota mai bolt 24, tana iya ƙonewa.